Audugar da ke Aljihun Baban Yara

Yayata abar ƙaunata,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Ya ƙafar taki? Allah ya ƙara sauƙi.

Kin tuna tsohon siton nan na bayan gidanmu? Wasu baƙi sun kama shi, sun cika shi da na'urori, wai suna haƙo kuɗin intanet. Ni dai ban ga rami ba, ban ga diga ba. Abin da na sani, fankokinsu ba sa hutawa, ƙara kamar injin niƙan da aka manta ba a kashe ba. Tun zuwansu kuɗin wuta ya ninka, har na ajiye keken ɗinkina na lantarki na koma na ƙafa.

'Yan layinmu sun rubuta takardar koke, kowa ya sa hannu, aka danƙa wa baban yara ya kai ofis, tunda shi mai walda ne, abin ya fi cin sa. Wata guda ke nan, shiru. In na tambaye shi, sai ya yi kamar bai ji ba. Raina bai kwanta ba.

Ki gaishe min da kowa.
Autarku

Yayata,

Ina gaisuwa. Kin ce in daina zargi, to saurara. Jiya na biya ta shagonsa, na tarar kwaɗon har ya yi tsatsa. Amma kullum da safe yana fita, ya dawo da cefane. Daga ina? Da na zo wanke wandonsa, na ga dunƙulen auduga biyu a aljihu. A ɗaya aljihun kuwa takardar koken ce a ninke, ga sa hannuna a layi na uku.

Baƙin nan sun saye shi, Yaya. Na yi masa magana yana cin abinci, ko kai bai ɗago ba. In zai yi magana kuma sai ya ɗaga murya kamar muna faɗa. Wallahi ganinsa ma haushi yake ba ni.

Autarku

Yaya,

Ki yafe min gajeriyar gaisuwa. Yau da hantsi taransifoma ta ƙone, unguwa ta yi tsit, baban yara ya dawo da wuri ya zauna a tsakar gida. Na tsaya a bayansa na zazzage masa duk abin da ke cikina. Bai motsa ba. 'Yar ƙaramarmu ta saki kwano a siminti, ni na zabura, shi ko ƙiftawa bai yi ba. Sai da na dafa kafaɗarsa ya juyo da murmushi, yana tambaya ko na daɗe a tsaye.

A nan ya faɗa min: ashe a siton yake aiki tun da wuta ta gagari shagonsa. Shi ke share fankokin, audugar nan ita ce kaɗai kariyar kunnensa, ƙarar kuwa ta cinye masa ji. Na yi kuka har na gode Allah.

Ki tambayar mana likitan kunne a wajenku. Takardar kuwa gobe ni zan kai ta da ƙafata, ko da za ta raba shi da aikin. Ban faɗa masa ba tukuna. Sai dai in rubuta masa.

Taki har kullum,
Autarku