Fim ɗin da ba a kallo

Litinin, 4 ga Yuli, 1994, Semarang

Kawu Wagiman ya sayo tarkacen wani tsohon sinima. A ciki har da gwangwanin fim na zamanin mulkin Japanawa a ƙasarmu. Na zaro fim ɗin na ɗaga shi a rana: jakadu ne ke ta musabaha, wai Asiya ta zama uwa ɗaya uba ɗaya. Na karanta tarihin nan, lokacin mutane ɓawon rogo suke ci. Maƙaryata!

Laraba, 6 ga Yuli

Wani Pak Hendarto ya zo daga Jakarta, mai tara irin waɗannan finafinai. Da safar hannu! Ya shinshina gwangwanin kamar mai zaɓen ɗan itacen durian a kasuwa. Zai saya ranar Litinin, amma kada a kuskura a sa shi a majigi, zai tsinke. Na ce, "Ranka ya daɗe, wato fim kake saye don kada a kalla?" Kawu ya taka mini ƙafa.

Alhamis, 7 ga Yuli

Kaka Sumirah ta ji na faɗi wurin da aka ɗauki fim ɗin, ta ajiye ludayi. Wai ranar an jera 'yan unguwarsu a tashar jirgin ƙasa suna kaɗa tuta, har da wanta Paijo. Bayan wata guda aka kwashe shi aikin tilas, bai dawo ba. Ko hotonsa ba ta da shi.

Na ce farfaganda ce, Kaka. Ta ce, "Kai da bakinka kamar rediyo. Yana ciki ko ba ya ciki?"

Lahadi, 10 ga Yuli

Kawu ya tafi ɗaurin aure. Na aro majigi wurin mai nuna fim a bukukuwa, na kafa zanen gado. Jakadu, jakadu, shayi, jakadu. Can Kaka ta daka ihu: "Ga ɗan banzan nan! Tutar ma a juye ya riƙe ta!" Dariya har da tari. Ta ce a maimaita. A karo na uku fim ya tsinke.

Litinin, 11 ga Yuli

Hendarto ya ga ɗinkin da na yi da salatif, ya nemi kujera. Ciniki ya mutu. Kawu ya kira ni da sunaye, wasu ban taɓa gani a littafi ba.

Asabar, 16 ga Yuli

Gwangwanin na ƙarƙashin gadon Kaka. Har yanzu fim ɗin ƙarya ce tsagwaronta.

Wai akwai irinsa a kasuwar tsofaffin kaya ta garin Solo. Gobe zan leƙa. Mutanen da ke bayan jakadun kawai nake so in duba.