Daga Biyu Zuwa Shida

Manila, 3 ga Yuli, 1994

Zuwa ga yayata Ate Perla,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da innarmu Nanay da jikin babanmu Tatay. Yaya hakin nasa?

Mun fara shekarar ƙarshe, ta koyon aiki a asibiti. Wallahi na gaji. Aikin mai kula da numfashi ba abin da kuke zato ba ne: zuƙe majina daga maƙogwaro, bubbuga baya, ɗibar jini a wuyan hannu. Jiya sau uku ina soka wa wani tsoho allura ban samu jijiyar ba. Ya ce, "'Yata, kifi kike kamawa ne?" Malama Abellera, mai duba mu, ba ta ko murmusa ba.

Duk tsohon da na ji yana tari, fuskar Tatay nake gani. Shekara talatin yana bandar kwakwa cikin hayaƙi don in zo nan. Ina son zuwa gida, amma dokarsu ita ce wanda ya yi fashin kwana ɗaya zai rama uku.

Ki gaishe mini da Nanay.

Ƙanwarki,
Luningning

Romblon, 14 ga Yuli

Ning 'yar birni,

Gaisuwa da fatan alheri. Ashe karatun da ake ta yi mana yanga da shi na kwasar majina ne? Da kin faɗa, ai da mun ba ki aiki a gida.

Albishirinki! Kawu Dodong ya kawo wa Tatay tukunyar oksijin daga gari. Likita ya ce a bar makunninta a kan lamba biyu, amma shi likitan ba ya nan lokacin da Tatay ke riƙe ƙarfen gado yana zare ido. Ran Lahadi na kasa jurewa, na murɗa ta zuwa huɗu, jiya na kai shida. Ki zo ki ga ikon Allah! Hakin ya lafa, yanzu barci yake sha har da rana. Ɗazu da ƙyar na tashe shi ya sha kunun shinkafa, ya dube ni ya ce, "Ning, yaushe kika zo?" Na ce, "Tatay, ni ce dai baƙar, mai wankin kwano." Nanay ta yi dariya har da hawaye.

Kin ga ni ma na zama likita ba tare da na taka Manila ba. Ki kwantar da hankalinki ki yi karatu.

Yayarki,
Perla

Manila, 22 ga Yuli

Ate,

Ina gaisuwa. Don Allah kafin ki ƙarasa karanta wannan, ki tashi ki mayar da tukunyar nan kan biyu, ku ɗauki Tatay zuwa asibiti.

Barcin nan ba sauƙi ba ne. Mai huhu irin nasa, idan oksijin ya yi masa yawa, gurɓatacciyar iska ce ke taruwa a jininsa. Sai ya fara barci, ya riƙa ruɗewa, numfashin ya yi ta raguwa har ya tsaya. A aji biyu aka koya mana, na ma ci tambayar a jarrabawa. Ban taɓa rubuto muku ba, don ban san an kawo tukunya ba.

Na je aika telegiram, suka ce layin tsibirinmu a tsinke yake tun guguwar makon jiya. Na sami Malama Abellera ina kuka. Ta ce, "Ba zan hana ki ba. Amma ran Litinin rukuninku zai shiga ɗakin masu injin numfashi, sau ɗaya ake shiga a shekara. In kin rasa, sai baɗi." Na tsaya a bakin tashar jirgin ruwa da jakata kusan awa biyu. Na tuna Tatay yana cewa ko gawarsa ce a ƙasa kada in ajiye littafi. Sai na koma na rubuta wannan. Ban sani ba ko maganarsa na bi ko tsoro na ji, kuma na tsani kaina.

Ki rubuto da gaggawa. Allah ya sa ta iso a kan lokaci.

Ning

Romblon, 30 ga Yuli

Luningning,

Ina gaishe ki. Tatay ya rasu ran Laraba da hantsi, cikin barcinsa. Tukunyar tana kan shida.

Wasiƙarki ta shigo hannuna ran Juma'a, muna tsakiyar addu'a. Na duba hatimin. Jirgin da ya kawo ta tun Litinin ya iso, a gidan waya ta kwana huɗu tana jiran mai rabawa. Da mutum ne ya taho da ƙafarsa a jirgin nan, da tun yammacin Litinin ya iso gida. Ba zan ƙara komai a kan wannan ba, ni da na murɗa da hannuna.

Duk wanda ya zo gaisuwa, Nanay sai ta kama hannuna ta ce masa, "Wannan ce ta sauƙaƙa masa, bai sha wuya ba." Jiya ta ga takardarki a aljihuna, ta ce in karanta mata abin da 'yar autarta ta rubuto.

Na ce kina gaishe ta.

Perla