Shanun Huɗa da Jan Layi

Tsanyawa, farkon damina.

Zuwa ga amaryata Safiyatu,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da gwaggonki Hure da mutanen Rijiyar Zaki. Mu nan lafiya lau, sai tsadar da kika sani. Taki ya zama abin kallo, kishiyarki, wato kakarki Indo, ta fara auna mini tuwo da ido. Na ba Badaru direba wannan takarda don maganar ba ta waya ba ce.

Hure ta zo suna, ta tsegunta mini cewa tun da kika fara aikin manhajar nan, in kin dawo sai ki rufe ɗaki, abinci ma sai an yi da gaske. Ta ce duk abin da kika rubuta wa kwamfuta sai wani babba ya duba kafin a karɓa, naki kuwa kullum dawo da shi yake, layi-layi da ja, inda duk ofis za a gani. Wai har sunan da kika raɗa wa wani abu a ciki ya ce bai yi ba, a canza. Na ce wane ne babban? Ta ce Iliyasu. Na ce wane Iliyasun? Ta ce na Sabo, maƙwabcin gonata.

Yaron da na sani yana korar awaki ba wando! Shi ke ja wa jikata layi, kuma shi zai ce a riƙe ki ko a sallame ki in lokacin gwaji ya ƙare.

Ki yi shiru, ki riƙa ce masa to. Ki bar ni da uban. Bana kuɗin mai ya raba kowa da tarakta, shanun huɗa kuwa a unguwarmu nawa kaɗai suka rage, na sauran an sayar an ci.

Angonki,
Nababa.

*

Amaryata,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya aiki, yaya jan layi? An yi ruwa mai kyau, ƙasa ta jiƙu sharkaf.

Sabo ya yi ta zarya a ƙofar gidana neman shanun huɗa. Da fari na ce masa ɗaya san yana ɗingishi. Muna cikin maganar sai ga san ya tsinke igiya ya bi wata karsana da gudu. Na ce to, ga shi ya samu sauƙi, sai dai garmar tana wurin maƙeri. Washegari na huɗe wa Mani da ke gabas da shi, na huɗe wa Inno da ke yamma. Gonarsa ta tsaya a tsakiya kamar wawulo a baki, irin gyaɗarsa na buhu, ciyawa na gaisawa da shi.

Shekaranjiya bayan la'asar ya tare ni a ƙofar masallaci, ya ce, “Malam Nababa, don Allah ko na yi maka wani laifi ne?” Na ce, “Ka tambayi kwamfuta.” Na wuce abina.

Indo ta ce in ji tsoron Allah. Ina ji. Amma rabon da in yi barci mai daɗi haka tun kafin a cire tallafin mai. Ki sanar da ni ko jan ya fara raguwa.

Naki,
Nababa.

*

Safiyatu,

Ina gaishe ki, ko da yake taki takardar ba ta gaishe ni ba sai a ƙarshe.

Na karanta. Kin ce jan layin al'adar aikinku ce, ba wanda ake karɓar nasa ba a duba ba, komai girmansa. Kin ce abin da ke sa ki kuka shi ne kwanakin da kike yi a maƙale wuri guda kina nauyin tambaya, kuma Iliyasun ne ya ce ki daina ce masa to, ki riƙa tambaya. Kin ce ke ma kin kama kuskure a nasa aikin, kin mayar masa a gaban kowa, ya yi godiya. Sannan kin ce Sabo ya kira ɗansa a waya, Iliyasu ya tsayar da ke yana tambayar me babansa ya yi wa kakanki, a daidai makon da za a yanke maganarki. In aikin ya kuɓuce, wai ni ne.

Wannan ta ƙarshen ta taɓa ni. Da gari ya waye na kora shanun gonar Sabo da kaina.

Sai dai na ce masa bayana na ciwo, shi zai riƙe garma. Na kira Mani da Inno da dattawan da ke wucewa, muka zauna gindin ɗorawa. Ya ja kunyar farko, na tashi da sandata na bi ta a hankali, na ce ta karkace, a sake. Ya sake. Ta gaba na ce ba ta yi tudu ba. Wata kuma na ce ita lafiyarta ƙalau, sunan da ya kira san da shi ne bai yi ba. Da gumi ya ishe shi ya ce, “Wai Malam, mene ne haka?” Na ce al'adar ofishin ɗanka ce, kuma a can in an gyara wa mutum godiya yake yi. Ya dube ni, ya dubi dattawa, ya dubi shanun. Ya ce ya gode.

Gyaɗarsa ta tsiro, kuma ba kunyoyin da suka kai nasa miƙewa a duk unguwar. Wannan ne kaɗai ya ɓata mini rai.

Jiya shi da kansa ya kawo mini albishir cewa an tabbatar da ke. Indo ta yi guɗa har kaji suka watse. Allah Ya sa albarka.

Abu guda, amarya. Wannan takarda ba ta ofishinku ba ce. In ta dawo mini da jan layi, auren ya mutu.

Kakanki,
Nababa.