Ƙusar da Babu Riga

Litinin, 1 ga Maris, 2021
Yaya Hamma, wan marigayi maigidana, ya zo. Wai tsohon ɗakin ajiyar taki za a gyara, kowane gida ya kawo wani abu na wanda aka kashe masa ranar da 'yan bindiga suka faɗa wa kasuwar shanu. A rataye, a rubuta suna. Na ce, in su mutanen suka ji fa? Ya ce, "Zulfa, sun riga sun yi abin da za su yi." Shi da sauƙin baki. Ni ko babur ya wuce sai na tashi na rufe ƙofa.

Alhamis, 4 ga Maris
Adama ta kai sandar ɗanta. Kande ta kai takalmi, wari ɗaya. Ni ba ni da komai. Ranar bakwai na wanke kayan Baban Hasana duka na bayar sadaka, har hula, don ladan ya kai masa. Wa ya san za a nema?

Asabar, 6 ga Maris
Shuɗiyar rigarsa tana wurin Sha'aban mai ga-ruwa, shi na ba. Na tambayi Malam ko zan iya karɓowa. Ya ce sadaka in ta fita ba a bin ta. Tsoro biyu ke nan. In na karɓo, ina jin na yaye masa abin da yake lulluɓe da shi can. In na bari, Hasana za ta girma ta shiga ɗakin ta ga uban kowa ban da nata.

Talata, 9 ga Maris
Ban iya cin abinci ba.

Laraba, 17 ga Maris
Na je rijiya neman Sha'aban. Na hango rigar kafin in hango shi. Ta koɗe, kafaɗar ta sha faci inda sandar garwa ke gogawa. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce kullum ya sa ta sai ya yi wa mai ita Fatiha. Na ce ruwa na zo saye. Garwa biyu, ga randunana cike. Wauta.

Juma'a, 26 ga Maris
An buɗe ɗakin bayan an sauko daga masallaci. Na ce a kafa wa Baban Hasana ƙusa a bar ta haka. Kusa da ƙofa na tsaya, ko za a gudu. Ba a gudu ba.
Wata baƙuwa daga Daura ta ce, wannan fa, ba a kawo komai ba? Na ce rigarsa tana bakin aiki. Ta ce ba ta karatun boko, wane ne? Na waiga, Yaya Hamma ya yi nisa.
Na ce, Jafaru.
Tunda aka kawo ni gidansa ban taɓa kiran sunan nan ba. Ta tambaya ne kawai, shi ya sa. Ba ta ji ba ma, sai da na maimaita.