Ja Biyu Ne Ko Uku

Litinin, 3 ga Maris

Shekara talatin da ɗaya ba wanda ya taɓa tsayar da ni ya ce, "Wai me ya faru a bakin rijiyar nan?" Ko mutum ɗaya. Gaisuwa dai ana yi min, ina gajiya, ya ƙafa, ina ba da baya a rage murya. Ni ba kurma ba ne. Rijiyar da na haƙa ta fi ɗari, ana shan ruwansu har gobe, amma da guda ɗaya tak ake tuna ni, wadda ƙanena Auta ya mutu a ciki ina riƙe da igiyarsa.

Rubutun nan ma Tela ne ya koya min da tsufana, a bayan takardar yankan riga. Wai in na rubuta zuciyata za ta yi sanyi. Ƙarya yake. Hannuna ne kawai ke ciwo.

Laraba, 5 ga Maris

Zaman bencin ƙofar shagon Tela ya lalace. Da can hira muke yi. Yanzu Direba zai ajiye waya a tsakiya, a kunna labarin ban tsoro, minti goma-goma. Yau na wani bene ne da matakalarsa ke ƙaruwa ɗaya kullum. Dattawa da furfura, baki buɗe kamar 'yan tsaki.

Na ce, "Tsoro ma sai an dafa muku an zuba a faranti?"

Direba ya ce, "Kai dai rufe mana baki, Mai Rijiya, an zo wurin daɗin."

Tela wai shi abin da ya sa yake so, tsoron waya yana da ƙarshe. Minti goma an gama, a yi dariya. Ba kamar hawan jinin da likita ya faɗa masa ba, shi wannan ba ya da maɓallin kashewa.

Abin haushin, jikata ce ke rubuta su, 'yar babban ɗana. Wani mai muryar ganga ke karantawa.

Asabar, 8 ga Maris

Jikata ta zo ta wanke min kaya. "Angona, an ce kai kaɗai ne ba ka jin labaraina. Kishi kake yi?"

Na ce, "Ke da ba ki taɓa ganin gawa ba, me kika sani? Na sake ki, saki uku, je ki auri mai muryar ganga."

Ta yi dariya har da riƙe ciki. Wai na gobe a kan rijiya ne. Yarinyar da famfo kawai ta iya murɗawa.

Lahadi, 9 ga Maris

Da na sani ban je ba.

Wa da ƙane, masu haƙar rijiya. Ƙanen yana ƙasa, wan yana sama. Har alamar igiya ta sa a ciki, ban san inda ta samo ba. Haka muke yi in rami ya yi zurfi, murya ba ta fitowa sai gunji. Na ƙasa yana da igiya a ƙugu. In ya ja sau biyu, a fito da gugan ƙasa. In ya ja sau uku, a fito da shi, ba lafiya.

A labarinta wan ya ji uku sarai, ya naɗe hannu, wai yana ƙyashin gidan ƙanen. Daga ranar duk igiyar da ya taɓa sai ta ja shi sau uku. Igiyar shanya. Igiyar akuya. Har zariyar wandonsa.

Direba ne ya fara ganewa, ya kai hannu zai kashe. Na ce, "Bar shi!" Aka ji har ƙarshe. Ba wanda ya yi dariya. Tela ya sunkuya yana neman allurar da ke maƙale a gaban rigarsa. Ko a nan ma ba wanda ya tambaye ni. Na ɗauki sandata na taho.

Litinin, 10 ga Maris

Ban fita ba. Na kwance igiyar shanya na jefa bayan ɗaki, ta tsufa ne kawai.

Alhamis, 13 ga Maris

Babban ɗana ya taso jikata gaba ta zo ba da haƙuri, ido ya yi ja. Shi ya tsaya a bakin ƙofa yana ta "Baba, yarinta ce." Na ce ya fita, ba da shi nake ba.

Na ce mata, "Wa ya faɗa miki uku ne?"

Ta ce, "Kaka, ba wanda ya faɗa min komai. Tun ina ƙarama in an ambaci rijiya sai a ce min tashi ki ba mu wuri. Guntu-guntu na tsinta. Inda ba a cike min ba na cike da kaina."

"Gidan fa? Ɗaki ɗaya gare shi, rufin na zuba, ni na gyara masa!"

Ta ce za ta sa a cire labarin. Na ce cirewar banza, mutum dubu nawa suka ji? Sai ta ɗago ta ce, "To sau nawa ne?"

Shekara talatin da ɗaya ina jiran wannan tambayar. Ta zo, kuma daga bakin wa, na kore ta.

Juma'a, 14 ga Maris

Bari in rubuta, tunda takarda ba ta rage murya.

Hantsi ne. Zurfin rami ya kai gaba goma sha huɗu, ƙasa ta fara danshi. Na ji biyu. Biyu na ji. Na jawo guga, na kai shi can gefe na juye, na tsaya na sha ruwa, na amsa gaisuwar mai gidan da muke wa haƙa. Da na dawo na zura guga, ba a karɓa ba. Na ja igiyar ƙugu na ji nauyi irin wanda ba ya taimakon mai ja. Mugunyar iskar rami ce, ba ta wari, ba ta sallama.

Biyu ne. Sai dai ina sakin igiyar ƙugu in kama ta guga, kamar ta ƙugun ta ɗan motsa. Iska ma tana motsa igiya.

Talata, 18 ga Maris

Na je wurin matar Auta. Ta tsufa ita ma, ba ta sake aure ba. Duk shekarun nan gaisuwa ce tsakaninmu, "Sannu Yaya," "Yawwa sannu," shi ke nan. Na tarar tana tsince wake a tire, waya a gefe, mai muryar ganga na zuba.

Na ce, "Har da ke?"

Ta ce ba wanda ke wuce ta. Na rijiyar ma sau huɗu ta ji.

Na ce, "Ƙarya ce zalla."

Ta ce, "Na sani, Yaya. Kai ka shiga ka ɗauko shi, aka fito da kai a sume, na manta ne? Ni ba don wan nake ji ba. Don na ƙasan nake ji. A labarin nan wanda ya tafi yana motsa igiya. Nawa ko a mafarki bai taɓa ce min uffan ba."

Na ce to me ya hana ta tambaye ni tuntuni? Ta ce, "Fuskarka." Ji fa. Fuskata.

Lahadi, 23 ga Maris

Na aika aka kira jikata. Ba don komai ba, don a gyara kuskure ne. Ta sa wai da igiya ɗaya ake aiki, wane mahaukaci ne zai shiga rami da igiya ɗaya? Na zaunar da ita na faɗa mata duka, har ruwan da na tsaya sha, har motsin nan da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Tana ji tana rubutawa.

Ta ce, "Angona, ya zan ƙare shi?"

Na ce wannan aikinta ne, ni ban yi makaranta ba. Matacce ba ya dawowa, na sani, Allah na tuba. Amma ita da ta sa bene ya haifi matakala, ta sa zariya ta ja mutum, ba za ta kasa sa yaro ɗaya ya buɗe baki daga gaba goma sha huɗu ba.

Na mayar da igiyar shanya, kaya sun taru. Na ce wa Direba ya ajiye min wurina a benci Lahadi mai zuwa, kusa da wayar, kunnena na hagu ba ya ji sosai.

Kuma kada ta sa masa kuka ko fatalwar banza. Ta sa ya yi magana kamar mutum. Kai Auta, ɗan nema, shekara talatin da ɗaya ka bar ni riƙe da igiya. Biyu ka ja ko uku? Ka amsa min!