Wayar da Na Ƙwace

Birnin Kudu,
2 ga Satumba.

Zuwa ga matata Zulaiha,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da 'yarmu Ummussalma, da Baba Malam da Inna da duk mutanen Fagam. Yaya damina? Allah ya sa a ci sabon gero lafiya.

Na san za ki yi mamakin ganin rubutuna, tunda takardar ƙarshe da na miƙa miki ba ta alheri ba ce. Da kiranki zan yi, to amma wayarki tana hannuna, kin san yadda aka yi. Shi ya sa na ba Ɗanbala direba wannan ya kawo miki.

Ba ni da lafiya. Kwana tara ke nan taifot ya kayar da ni, makaranta ta ba ni hutu. Yaya Mairama tana kawo min kunu da safe, daga nan ba mai sake leƙo ni. Ran Talata da hantsi ina neman katin asibiti a durowa na ci karo da wayar. Na ce bari in sa ta caji kada batir ya lalace. Ƙarya nake yi wa kaina, kunnawa na yi.

Zulaiha, ni da nake yi wa ɗalibai faɗa kan ɓata lokaci, finafinan Indiya uku na kalla a jere a cikinta. Akwai na telan nan da yake ɓata ɗinkin yarinya da gangan don ta riƙa dawowa shagonsa tana masifa. Na yi dariya har tari ya sarƙe ni. Mai fassarar ma ja'iri ne, ya sa Ba'indiye yana rantsuwa kamar ɗan kasuwar Kwari. Awa biyu cur na manta cikina yana ciwo.

Sai na tuna ranar da shinkafa ta ƙone ina da baƙo, na fizge wayar, kika ce ita ce take yi miki hira tunda ni ba na yi. Zuciya ta ɗebe ni na rubuta miki saki ɗaya. Yanzu da nake wuni ni kaɗai a ɗakin nan na gane ba rashin kunya kika yi min ba, halin da kike ciki kika faɗa. Kewarki ta dame ni fiye da zazzaɓin.

Ki gaida kowa. Naki,
Zulkifli.

Birnin Kudu,
16 ga Satumba.

Zulaiha,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan ke da Ummussalma kuna lafiya. Ɗanbala ya ce hannu da hannu ya ba ki takardar. Kullum sai na aika a tambaye shi a tasha ko akwai amsa, har ya fara ɓuya.

Ciwon ya dawo, ko banɗaki sai na dafa bango. Finafinanki su ne maganina na huɗu bayan ukun likita. Na lura da wani abu da ya tsaya min a rai: duk wanda na buɗe daga tsakiya yake tashi, inda kika tsaya. Kusan babu wanda kika kai ƙarshensa. Ashe ƙarar babur ɗina ce take sa ki kashe ki tura ƙarƙashin filo. Shekara shida kina ɓoye dariyarki a gidan mijinki, ni kuma ina ta murna wai gidana akwai nutsuwa.

Ni na kai miki su ƙarshe, kuma duk daɗi suke ƙarewa. Namijin zai tabka shirme, ta yi fushi ta tafi, ya bi ta a guje, ya iso a daidai lokacin da ake cewa shi ke nan, ta yafe masa. Na san shiri ne, amma wallahi shi ke riƙe da ni.

Yaya Mairama ta matsa in rubuta layi ɗaya in ce na mayar da ke, a wuce wurin. Na ƙi. A takarda na sake ki, ba zan dawo da ke a takarda ba. Da ƙafata zan zo in durƙusa gaban Baba Malam in faɗa da bakina, kina ji. Na duba kalanda, biyar ga Yuli abin ya faru, iddarki sai biyar ga Oktoba. Akwai lokaci. Don Allah ki jira ni in iya tsayuwa.

Mijinki,
Zulkifli.

Birnin Kudu,
29 ga Satumba.

Zuwa ga Malama Zulaiha Sada,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina fatan kina lafiya. Na gode da furar da aka fito min da ita zaure jiya, ko da yake ban iya sha ba.

Kin san na zo. Na yi aski, na sa farar shaddata, na yi ta maimaita maganata tun daga Gwaram har ƙofar gidanku. Baba Malam ya bar ni na kai aya, sannan ya gaya min cikin tausayi cewa iddar mace irinki ba da kalanda ake ƙirga ta ba, da tsarki uku ne, kuma taki ta cika tun kwana tara da suka wuce. Na san wannan, Zulaiha, na karanta shi tun ina yaro. Girman kai da zazzaɓi da finafinan da ba a taɓa makara a cikinsu suka rufe min ido. Ranar da nake rubuta miki cewa akwai lokaci, kwana uku suka rage min, kuma layi ɗaya ya isa.

Ya ce yanzu ba ni da iko a kanki, sai sabon nema da sabon sadaki, in kin yarda. Ya kuma ce Alhaji Jafaru mai shagon takin zamani ya riga ya aiko neman aurenki, kuma ke ya bar wa zaɓi. A mota na yi kuka har Ɗanbala ya ƙara sautin rediyo don ya rufa min asiri.

Ga wayarki nan, tun farko ba ni da hakkin riƙe ta. Ba zan ce ki duba Ummussalma ba, kada in ɗaure ki da ita. Ba zan ce na fi Alhaji Jafaru ba, ban sani ba. Na auro ki ta bakin Baba Malam, na sake ki ba shawara, na shirya dawo da ke ban ji ta bakinki ba. Tun da muke ban taɓa tambayarki abin da kike so ba, sai yau da ba ni da wata hanya.

Zulaiha, kina so in zo?

Mai jiran amsarki,
Zulkifli Iliyasu.