Ɗigo Ɗari a Gaban Babanki

Zuwa ga Autata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah ya ƙara muku lafiya, ya sa albarka a zamanku a can. Mu nan lafiya lau, sai kewarku. Yayarki ta koma aiki, Kawunki ya ajiye sanda tun watan jiya, Goggo kuma ta dawo faɗa da kowa, alamar sauƙi ya samu.

Dalilin takardar nan Babanki ne. Na ƙi faɗa miki a waya domin kullum yana kusa, kuma idonsa ne ya lalace, kunnensa ras yake. Yanar idon nan ta ci ƙarfinsa. Ran nan na same shi a falo yana gaisawa da rigar da na rataya a bayan ƙofa, har yana tambayarta mutanen gida. Shayi kuwa rabi a kofi, rabi a kan tebur. Sau uku ana sa ranar yi masa aiki, sau uku yana ɗagawa, wai yana buƙatar ƙarin bayani. Ki ji fa! Mutumin da ya shekara talatin yana koya wa duniya yadda ido ke yaudarar mai shi, da yadda tsoro ke sanya rigar hankali ya zauna kusa da mutum in zai yanke shawara. Na ce masa na karanta littattafansa kaf, wasu ma ni na buga su a tafireta, ban ga shafin da ya cire marubucin daga cikin 'yan Adam ba. Wanzami dai ba ya son jarfa.

Abin da ya ƙara tunzura ni, makon jiya wasu tsofaffin ɗalibansa suka zo da albishir, wai an ambaci bincikensa fiye da sau dubu huɗu a mujallu. Ya yi ta washe baki. Na ce musu madalla, cikin dubu huɗun nan a samo mini mutum ɗaya da zai riƙa zuwa yana karanta masa takardar magani. Suka yi dariya, ni ban yi ba.

Ranar Litinin na ja shi asibiti da ƙyar. Muka tarar da sabuwar likita, sa'arki ce, ba ta san ko shi wane ne ba. Da ta ga yana ta kwana-kwana, sai ta jawo aljihun tebur ta fito da wata takarda da aka rufe da leda, gefenta duk ya sha hannu. Ɗigo ɗari ne a jere, casa'in da takwas koraye, biyu jajaye. Nan take na gane ta, Auta. Takardarsa ce. A kan teburin cin abincinmu aka yi ta farko, kina goye, ni na zana ɗigon da murfin biro. Likitar ta ce wani malami ne ya gano cewa in an ce wa marar lafiya mutum biyu cikin ɗari ne aikin ke ba su matsala, biyun kaɗai yake ji, amma in ya ga sauran da idonsa sai zuciyarsa ta kwanta. Ta ce kullum da ita take aiki, ta miƙa masa.

Ya kai ta kusa da hancinsa, ya juya wajen taga, ya daɗe. Sannan ya ce, "'Yata, ba na ganin ko ɗaya." Na buɗe baki zan gaya mata sunan wa ke rubuce a ƙasan takardar, sai ya taka mini ƙafa. Ita kuwa ta kama yatsansa ta riƙa ɗora shi a kan ɗigon ɗaya bayan ɗaya, tana cewa wannan ya warke, wannan ma ya warke. Ban taɓa sanin casa'in da takwas na da tsawo haka ba. Da suka iso kan jajayen ba ta tsallake ba, ta faɗa masa gaskiyarsu. Sai ya ce a ba shi biro, ya sa hannu a takardar amincewa a yi masa aikin.

A mota ya ce takardar nan tasa tana da babban kuskure, bai taɓa tuna wanda ba ya gani ba, ya kamata ɗigon su zama masu tudu. Na ce ya bari a buɗe masa ido tukuna, ya ga kuskuren da kyau.

An sa aikin ranar sha biyu ga wata mai kamawa. Ga abin da ban faɗa wa kowa ba. Tun da ya sa hannu hankalinsa ya kwanta, yana cin abinci har da neman ƙari. Ni ce na gaji tsoron. Ni na matsa, ni na yi faɗa, ni na ja shi, in ya faɗa cikin biyun nan da wane ido zan kalle shi? Ki kira shi da safen ranar, ki ba shi yara su cika masa kunne da surutu. In kun gama ki ce a ba ki ni. Kada ki tambaye ni komai, ki dai ɗan jima a kan layin.

Ki gaida maigidanki, ki shafa mini kan Dogo da 'Yar Baba. Yayarki da Kawunki da Goggo suna gaishe ku. Babanki ma yana gaisuwa, bai san na rubuta wannan ba.

Allah ya yi miki albarka.

Ni ce,
Mahaifiyarki